Hulunan Fitilun Malam Audi

Ni na ƙera hulunan nan guda arba'in da takwas. Gara in faɗa tun daga farko, domin an fi shekara mutanen Tudun Wada suna ba da labarin ba tare da sunana ya fito a ciki ba, ni kuwa ina ji ina gyaɗa kai kamar baƙo. Sunana Gazali, sana'ata aikin kwano: indararo, mazurari, murhun gawayi, akwatin zuba kaya. Amma ba labarina zan bayar ba. Na Malam Audi ne, mai gyaran wuta, wanda ya riƙe makullin ɗakin wuta na filin ƙwallon Tsamiya Biyu shekara ashirin da bakwai, aka karɓe shi a gaban idona ban ce uffan ba.

Audi ɗan ƙauyen Kwalkwalawa ne. Iyayensa manoman gero da shinkafa ne, shi kuwa tun yana ƙarami babu abin da ya raina kamar fartanya. Hawa shi ne abinsa. In ana neman wanda zai hau giginya, ko wanda zai ɗauko tsuntsu daga kan tsamiya, shi ake kira. Mahaifinsa da ya gaji da neman sa a ƙasa yana samun sa a sama, sai ya kawo shi birni ya danƙa shi ga wani mai sa wayar wuta a gidaje. Bai yi boko ko na kwana ɗaya ba. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami mai kyau, sauran ilimin duk a yatsunsa yake. Ya auri Balkisu, suka kama haya layi biyu daga shagona, daga baya ya sayi gidan. Ya girme ni da shekara shida, saboda haka Malam Audi nake ce masa ko muna faɗa.

Filin Tsamiya Biyu na wata ƙungiyar 'yan kasuwa ne, a bayan unguwarmu yake. In ya cika yana ɗaukar mutum kusan dubu takwas. Yana da turakun ƙarfe huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, dogaye ƙwarai, kowanne da fitilu goma sha biyu a kansa. Ranar da aka kafa su, ma'aikatan kamfanin suka tsaya suna gardamar wanda zai hau ya ɗaure wata waya da ta kwance. Audi ya zo kallo ne kawai. Ya tuɓe takalmi ya hau, ya ɗaure, ya sauko yana tambayar ko akwai saura. Kafin sati ya zagayo an ba shi makulli.

Ya sa wa turakun suna: turken masallaci, turken rijiya, turken masu rake, turken tsamiya. A bangon ɗakin wuta ya rubuta da ajami ranar da ya canja wa kowace fitila ƙwai. Makullin kuwa ya ɗaure shi da igiyar fata ya rataya a wuya, a ƙarƙashin riga. Balkisu ta taɓa ce mini ko wanka zai shiga da shi yake shiga.

Fitilun farko masu wuyar hali ne. In ka kunna su ba sa kamawa nan take. Su fara da ja-ja, su koma shuɗi-shuɗi, sai an yi minti ashirin sannan su yi fari. In kuwa aka ɗauke wuta ana cikin wasa, ko an tada inji ba za su yarda su sake kamawa ba sai sun huce. Audi kaɗai ya san wadda ke da saurin fushi da wadda ke da nawa. Kullum in za a yi wasan dare, minti ashirin kafin a take ƙwallo za ka gan shi ya dubi agogo, ya sa hannu cikin riga, ya nufi ɗakin wuta. In wuta ta ɗauke, filin gaba ɗaya sai ya ɗauki kira: "Audi! Audi!" Shi kuwa ya riƙa tafiya a hankali, hannu a baya, don ya san ko ya ruga da gudu fitilun ba za su huce da wuri ba. Ina ganin a lokacin babu wanda ya kai shi jin daɗin duniya.

A nan ni na shigo. Gilashin waɗancan fitilu yana yin zafi sosai, in ruwan farkon damina ya sauka a kansa sai ya tsage. Audi ya zo ya ce in yi musu wata 'yar rumfa ta kwano da za ta tare ruwa. Na yi. Muka sa mata suna hula. Daga ranar gilashi bai sake tsagewa ba, kuma shekara ashirin ana yaba mana. To ka san halinmu a garin nan, ba ma barin abu mai daraja a rana. Mai babur in ya ajiye sai ya ɗora kwali a kan sirdi. Firji yana da mayafi, talabijin yana da riga, abin canja tasha ma sai ya mutu a cikin ledar da ya zo da ita. Wanda ya bar kayansa tsirara a rana, cewa muke bai san zafin nema ba.

Bara waccan ƙungiyar ta yanke shawarar sauya fitilun. Shugabanta Alhaji Sodangi ne, babban dillalin hatsi, mutum mai son a yi abu a gani. Aka kawo sababbi, irin waɗanda ake kira LED. Ba su da ƙwai. Faffaɗan faranti ne mai ƙananan idanu jere-jere, bayansa kuwa wasu siraran ƙarafa ne a tsaye kusa da juna, mu muka ce musu haƙarƙari. Wadda ta jagoranci aikin wata injiniya ce 'yar unguwar Arkilla, Shamsiyya, da hular kwano rawaya a kan hijabi. Sa'ar 'yar Audi ta biyu ce. Baba take ce masa, kuma ba ta taɓa wuce shi ba tare da ta rusuna ba.

Ranar gwaji ina wurin. Bayan magariba ne, jama'a sun taru. Shamsiyya ta ce Baba shi zai kunna. Audi ya danna makunni, ya ɗago hannu zai dubi agogo don ya fara ƙirga minti ashirin ɗinsa. Kafin idonsa ya kai ga agogon filin ya zama rana tsaka. Ana ganin kowane tsinken ciyawa. Mutane suka ɗauki kabbara, yara suka ruga tsakiyar fili suna tsalle. Shi kuwa hannunsa yana nan a ɗage.

"Baba, ka huta," in ji Shamsiyya tana murmushi. "Waɗanga ba su son jira. Ko an ɗauke wuta, da an tada inji su kama. Kuma sai su yi shekara goma ba ka hau ka taɓa su ba. Man da suka sha ma bai kai rabin na da ba."

"Madalla, ɗiyata," in ji shi. "Allah shi yi albarka."

Ya faɗa da fara'a, amma ni na san fuskarsa shekara talatin. Bai ci tuwo ba a daren.

Ba a yi sati biyu ba magana ta fara yawo a cikin ƙungiya. In dai danna makunni ne, ai Badaru mai gadi ma zai iya, me ake da Audi? Shamsiyya ce ta tsaya masa. Ta ce ana bukatar mai wanke gilashi lokaci-lokaci, mai duba waya, mai sanin filin. Alhaji Sodangi ya ce to, makulli ya zauna a hannun Audi zuwa ƙarshen gasar bana, sannan a gani. Da za ta tafi ta ba shi wata takarda mai shafi huɗu da Turanci, ta ce duk yadda ake kula da fitilun yana ciki, in wani abu ya shige masa duhu ya kira ta. Ya karɓa da hannu biyu. Bai ce mata ba ya karanta Turanci ba, ita ma kunya ta hana ta tambaya.

Aka yi wasannin dare huɗu ko biyar lokacin sanyi, lafiya lau. Sai azumi ya kama, aka dakatar da gasa, zafi kuma ya sauko irin na Sakkwato, wanda ko ƙarfen ƙofa ba ka iya dafawa da azahar. Wata rana da hantsi Audi ya hau turken rijiya, ba don an aike shi ba. Ya taɓa bayan wata fitila, ta ƙona masa tafin hannu. Ya kuma tarar shirwa ta fara jera tsinke tsakanin haƙarƙarin. Bayan kwana uku da la'asar sai ga shi a shagona, hannu naɗe da tsumma, idonsa yana ƙyalli yadda na daɗe ban gani ba.

"Gazali, rana na cin hitilun nan," in ji shi. "An bas su tsirara. Hula za mu yi masu, amma ba irin ta da ba. Wadda za ta ruhe bisa, ta ruhe baya, ta ruhe gehe, ido kaɗai za a bari waje."

Sannan ya ciro takardar daga aljihu, a ninke huɗu.

"Duba mani tukuna. Akwai inda anka hana?"

A layinmu ni ake kawo wa takarda. Na yi aji uku a sakandare kafin in koma sana'a, kuma da wannan aji ukun nake karanta wa mutane takardar magani da wasiƙar makarantar yara. Ban taɓa ce wa kowa ban gane ba. Na sa tabarau, na gyara zama. Rubutun ƙanana ne, kalmomin kuma ba irin waɗanda aka koya mana ba, a cikin biyar da ƙyar in san ɗaya. Na riƙa motsa baki ina bin layi da yatsa. Da na kai shafi na uku sai ga hoto. An zana fitilar, an zana wasu kibiyoyi suna tashi sama daga haƙarƙarin. Kusa da shi an sake zana ta, an yafa mata wani abu a baya, aka ja jan layi biyu aka giciye hoton.

Na gane. Ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba, na gane sarai. Amma tun kafin ya gama magana na riga na hango huluna arba'in da takwas, masu koren fenti, a can sama inda duk wanda ya shigo fili zai ɗaga kai ya gani. Aikina kullum a bayan gida yake ƙarewa, ko a ƙarƙashin tukunya. Sai na ce wa zuciyata ai wannan tsumma suka zana, tsumma shi ke kama wuta, kwano daban ne. Na juya shafin da sauri.

"Babu," na ce. "Ba su hana ba."

Ya dube ni ɗan lokaci. Sannan ya ninke takardar ya mayar aljihu.

Akwai ragowar kwanon rufi a ma'ajiyar filin, da shi na yi aikin. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, wannan ma wani abin kunyar ne. Na auna, na yanka, na lanƙwasa baki don kada ya yanki hannu, na haɗa kusurwa yadda ko iska ba za ta shiga ba. A cikin kowace hula na buga 'yar alamata da ƙusa. Bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, Audi ya hau da azumi a bakinsa, ni ina ƙasa ina ɗaura hula a igiya yana ja. Mutum mai shekara sittin da ɗaya. Kwana goma sha biyu muka yi, hula huɗu a rana. Yana can sama ina jin yana waƙe-waƙensa na yabon Annabi. Balkisu ta ce rabon da ta ga yana cin sahur da yawa haka tun kafin a kawo fitilun.

Da muka gama, muka kunna bayan an sha ruwa. Suka kama tas. Muka tsaya minti goma muna kallo, muka kashe don kada a sha mai. Ba mu ga dalilin barin su fiye da haka ba, tunda ba sa bukatar jira. Alhaji Sodangi ya ga hulunan daga cikin mota ya ce sun yi kyau, sun dace da fentin ƙofa.

Bayan ƙaramar salla aka dawo gasa. Wasannin da suka rage duk da la'asar aka buga su, sai na ƙarshe aka sa bayan isha'i, don Alhaji Sodangi ya gayyato baƙi daga nesa yana son su ga fitilu. 'Yan Tudun Wada za su kara da 'yan Kwalkwalawa, wato unguwar Audi da ƙauyensu. Filin ya cika har bisa katanga. Ranar ko da rana ta faɗi iska ba ta motsa ba, bango yana fitar da zafi, masu ruwan sanyi sun sayar da komai kafin a fara. Na sa sabuwar shadda na zauna kusa da turken masu rake. Na nuna wa na kusa da ni hulunan, na ce ya san wanda ya yi su? Har mutum uku na gaya wa.

Aka tafi hutun rabin lokaci ɗaya da ɗaya. Da aka dawo, minti kaɗan, sai na ga inuwar 'yan wasa ta canja. Na ɗaga kai. Turken rijiya ya dushe, hasken ya koma kamar na fitilar ƙwai. Kafin in sauke kai na masallaci ya bi. Sai warin fenti mai ƙonewa ya sauko mana. Golan Kwalkwalawa ya fita tarar wata ƙwallo da aka ɗago, ya neme ta a sama ya rasa, ta faɗo bayansa ta shiga raga. Mutanensu suka miƙe suna ihu ba su yarda ba. Alƙalin wasa ya hura usur ya ɗaga hannu biyu. A lokacin wasu fitilun sun mutu ɗungurum, sauran suna ba da haske kaɗan, inji kuwa yana ta ruri lafiya lau, kowa yana jin sa.

Sai filin ya ɗauki kiran nan: "Audi! Audi!" Amma ba irin na da ba ne. Na gan shi ya fito da gudu, shi da bai taɓa gudu a filin nan ba. Ya shiga ɗakin wuta ya kashe, ya kunna. Ya sake kashewa, ya kunna. Babu abin da ya canja. Wani daga bayana ya ɗaga murya ya ce, "Ya sai da na ƙwarai ya sa jabu! Don haka yar ruhe su!" Maganar ta bi layi-layi har ta zagaye filin. Mutane suka kunna fitilun waya suna neman ƙofa. Baƙin Alhaji Sodangi suka shiga motocinsu, kofin gasa yana kan tebur ba wanda ya taɓa shi. Mutum ukun nan da na yi wa alfahari, Allah ya taimake ni duhu ya raba mu. Na sulale ta ƙofar baya na tafi gida, ban nemi Audi ba.

Da safe aka kira taro a gindin turken rijiya. Na je, na tsaya taku uku daga inda Audi yake. Shamsiyya ta iso a keke, ta sauka, ta ɗaga kai sau ɗaya, ta dafe baki.

"Baba, wa yas sa masu wanga abu?"

"Ni na, ɗiyata."

Ta yi bayani a hankali, kamar ba ta son maganar ta fito. Ta ce waɗannan fitilu ta baya suke fitar da zafinsu. Haƙarƙarin nan aikinsu ke nan, iska ta bi ta tsakaninsu ta kwashe zafi. Ɗumin da ya ƙona masa hannu alamar suna aiki ne. Rana ba ta yi musu komai, ruwa ma haka, an yi su don su zauna a waje. Da aka rufe su sai zafin ya rasa hanya, suka rage haske da kansu don su tsira, waɗanda suka kasa suka ƙone. Ta ce fitilun su ne dai waɗanda ta sa, ba wanda ya canja ko ɗaya, kuma ta maimaita wannan da ƙarfi don na nesa su ji.

Sannan ta rage murya. "Takardad da nib ba ka, Baba. Yana ciki. An karanta maka?"

Wallahi na ji bakina ya buɗe. Kalma uku ce kawai: ni na karanta. Na dubi ƙasa, na ga wata ƙusa a cikin rairayi, irin tawa, na tsaya ina kallonta.

"Takarda tana wurina," in ji Audi. "Laihina na. Ba na kowa ba."

Alhaji Sodangi bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce shekara ashirin da bakwai ba wasa ba ne, ba za a kai maganar ko'ina ba, amma Malam Audi ya san an kunyata ƙungiya gaban baƙi. Bai ƙarasa ba Audi ya sa hannu cikin riga, ya zare igiyar fatar ta kansa. Hularsa ta faɗi ƙasa wajen cirewa. Ya miƙa makullin, ya sunkuya ya ɗauki hular ya kakkaɓe. Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya hau ya cire hulunan da hannunsa. Aka ce a'a, ma'aikatan kamfani za su yi. Goma sha ɗaya suka tarar sun ƙone. Aka sake buga wasan bayan sati biyu da la'asar, ban je ba, shi ma bai je ba.

Hulunan kuwa a amalanke aka kawo mini su, Badaru ya ce an ce ko zan yi wani amfani da kwanon. Bai san ni na yi su ba, ko kuwa ya sani ya yi mini kara. Na jibge su a bayan shago na rufa musu buhu.

Audi ya koma gyaran fanka da dutsen guga a zauren gidansa. Zancen sata ya mutu a wurin masu hankali, amma a bakin titi an sami sabon suna, Audi Mai Hula. Yara suna faɗa in ya wuce. Kuma kullum da la'asar sai ya zo shagona ya zauna a kan bencin da ya saba zama, mu yi hirar farashin gero da ciwon gwiwa. Bai taɓa tada maganar ba. Balkisu in ta dama fura sai ta aiko mini kamar da. Da zagina suka yi da na fi samun barci.

Wata bakwai na yi a haka. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na tari Alhaji Sodangi a bakin rumbunsa na gaya masa komai, har da hoton. Ya saurare ni yana jan carbi.

"To, Gazali, Allah shi yahe muna baki ɗai," in ji shi. "Amma makulli na hannun Badaru, kuma hitilu na kamawa. Mi kaka so in yi?"

Na yi masa sallama na tafi. Na yi tsammanin in na faɗi gaskiya wani abu zai koma wurinsa, babu abin da ya koma.

Saura Malam Audi. Da la'asar ya zo ya zauna. Ranar akwai wasan dare, ana ta wucewa zuwa fili. Na ajiye almakashi, na zauna a ƙasa gabansa, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam Audi, akwai maganad da ni ɓoye maka. Takardan nan. Akwai hoto shahi na ukku, an hana a ruhe su. Na gani, na gane, nic ce maka babu. Don in ga aikina bisa nike so. Ka yahe mani."

Yana murza tabon ƙunar da ke tafin hannunsa.

"Gazali, hoto ai ba Turanci ba na," in ji shi. "Kwana ukku ina kallon shi kahin in kawo maka."

Na ɗago kai.

"Na san abin da yan nuna. Na kawo maka don ka ce mani babu, kac ce. Shekara ashirin da bakwai hitilun hilin nan ba su kamawa sai da ni. Waɗanga ko na mutu ba su sani ba. So nike a ce akwai abu guda da suka bukata ga hannuna, ko hula ta." Ya yi ɗan murmushi. "Da kac ce an hana, da na ji haushinka. Tashi daga ƙasa, mutane na kallo."

Na tashi na zauna kusa da shi. Na zaci zan ji sauƙi, ban ji ba. Shi ya zo wurina ne da rauninsa a hannu, yana neman wanda zai hana shi ko wanda zai biye masa, ni kuwa na biye masa don koren fenti.

Muka yi magariba a masallacin layi, muka dawo benci. Ana saura minti ashirin a take ƙwallo na ga ya dubi agogo, hannunsa ya tafi wuyan riga. Ya lalubi wurin, sannan ya yi kamar maɓalli yake gyarawa. Na kau da kai don kada ya san na gani. Muna nan zaune har lokacin ya cika, sararin bayan unguwa ya yi fari gaba ɗaya a lokaci guda.

"Badaru ya iya," in ji shi. Ya ɗauki takalmansa ya ce sai da safe.